Tarihin Alhasan Ibnul Haisam, Masanin Kusurwa Da Haske

Gabatarwa

Godiya ta tabbata ga Allah da Ya kawo mu ƙarshen wannan shekarar karatu lafiya, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Bayan haka, iyayenmu da malamanmu da 'yan'uwa ɗalibai, bana da aka raba wa kowane aji mutumin da zai rubuta tarihinsa a wannan ɗan littafi, mu 'yan babban aji mun roƙi a bar mana Alhasan Ibnul Haisam. Dalilin zaɓen kuwa wata gardama ce da ta tashi a darasin handasa, wato ilmin layuka da kusurwoyi da siffofi.

Malam ya ja layi biyu a allo suka gitta juna kamar almakashi a buɗe, ya ce mu kawo hujja cewa kusurwar sama da ta ƙasa daidai suke. Muka yi dariya, muka ce ai wannan ko yaro ya duba ya sani, kuma gani ya kori ji. Ɗaya daga cikinmu ya ɗauko ma'aunin kusurwa ya auna, ya samu daraja 47 a sama, 48 a ƙasa. Wani ya karɓa ya samu 47 da 47. Malam ya tambaye mu wanne daga cikin awon biyu za mu kai gaban alƙali, ya kuma tambaye mu ko mun shirya bin duk layukan da suka taɓa gittawa a duniya muna aunawa ɗaya bayan ɗaya. Muka yi tsit. Daga nan ne ya ba mu labarin mutumin da ya fi kowa sanin ido a zamaninsa, amma bai yarda ido ya yanke hukunci shi kaɗai ba.

Sunansa da garinsu

Cikakken sunansa Abu Aliyu Alhasan bin Alhasan bin Alhaisam. An haife shi a Basra, a kudancin Iraƙi, wajen shekarar 354 ta Hijira, wato 965 ta Miladiyya, shi ya sa ake ce masa Albasri. Saboda daɗewar zamansa a Masar wasu kuma suna ce masa Almisri. Turawa suka mayar da Alhasan ya koma Alhazen, da wannan sunan suka san shi ɗaruruwan shekaru.

Ya taso lokacin da halifan Abbasiyawa yake Bagadaza da suna kawai, mulki kuwa yana hannun sarakunan Banu Buwaihi. Siyasa a dagule take, amma kasuwar littafi tana ci. Tun kafin a haife shi an riga an juya manyan littattafan Yunanawa zuwa Larabci. Littafin Uƙlidis mai suna Usul, wanda aka wallafa a Iskandariyya wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa, Alhajjaju bin Yusuf bin Maɗar ya fassara shi a zamanin Haruna Rashid, ya sake gyara shi a zamanin Ma'amun. Kada a rikita shi da Alhajjaju gwamnan Iraƙi, suna ne ya zo ɗaya. Bayansa Is'haƙ bin Hunain ya yi sabuwar fassara, Sabit bin Ƙurra wanda ya rasu a 901 ya duba ta ya daidaita. Haka aka fassara Almajisɗi na Baɗlaimus a kan taurari, da littafin Abuluniyus a kan siffofin da ke fita idan aka yanka abu mai ƙirar mazurari. Waɗannan littattafai su ne Ibnul Haisam ya sha ya ƙoshi, har sunansa ya fita daga Basra ya kai wasu ƙasashe.

Tafiyarsa Masar da maganar Kogin Nilu

Labarin zuwansa Masar mun ɗauko shi ne daga abin da Ibnul Ƙifɗi ya ruwaito, wato marubucin tarihin masana da ya rasu a 1248. A lokacin Masar tana hannun Faɗimiyawa, waɗanda suka kafa Alƙahira a 969 suka gina masallacin Azhar. Sarkinsu Alhakim bi Amrillahi ya hau mulki a 996. Yana son masana, shi ne ma ya buɗe Darul Ilmi a 1005, sai dai mutum ne mai saurin juyawa, kuma ya kashe manyan ma'aikatansa da dama.

Rayuwar Masar gaba ɗaya a kan cikar Nilu take. Idan kogin ya cika daidai a samu abinci, idan ya gaza a yi yunwa, idan ya wuce kima ya ci gidaje da gonaki. Labari ya kai wa Alhakim cewa akwai wani masani a Iraƙi da ya ce da yana Masar da ya yi wa kogin aikin da za a amfana da shi ko ya cika ko ya gaza, don ya ji cewa ruwan yana gangarowa ne daga wani tudu a iyakar ƙasar. Sarki ya aika masa da kuɗi ya gayyato shi, har ya fito bayan gari da kansa ya tarye shi. Aka haɗa shi da magina da masassaƙa, suka nufi kudu suna bin kogin.

Tun a hanya jikinsa ya fara sanyi. Ya ga gine-ginen mutanen dā a gaɓar kogin, ya ga irin gwanintarsu a awo da sassaƙar dutse, ya ce a ransa da aikin nan mai yiwuwa ne da waɗannan ba su bar shi ba. Da ya isa Janadil, kudu da Aswan, inda ruwan ke ratsa duwatsu, ya zagaya wurin gaɓa da gaɓa ya duba. Abin da ya tarar bai yi daidai da abin da aka ba shi labari a Basra ba.

To, a nan ne fa mutum yake nuna halinsa. Ga kuɗin sarki a hannu, ga ma'aikata suna jiran umarni. Yana iya sa a fara haƙa da jera duwatsu, a shekara ana aiki, in ruwa ya zo ya share a ɗora wa ƙaddara. Bai yi haka ba. Ya koma Alƙahira da kunyarsa ya faɗa wa Alhakim cewa aikin ba zai yiwu ba. Sarki ya nuna kamar ya karɓi uzurin, ya ba shi wani muƙami a ofishin gwamnati, shi kuma ya karɓa don tsoro. Da ya ga yadda ake rasa kai a wannan fada, sai ya ƙirƙiri hauka. Aka riƙe dukiyarsa, aka tsare shi a gidansa da mai gadi. Yana cikin wannan hali har Alhakim ya ɓace a shekarar 411, wato 1021. Sannan ya nuna lafiyarsa ƙalau, aka mayar masa da kayansa. Madatsar da ta tare Nilu a Aswan kuwa sai a 1902 aka gama ta, babbar kuma a 1970, da injuna da ƙarfen da babu su a zamaninsa.

Sana'arsa

Bayan ya fito bai sake neman muƙami ba. Ya tare a wata ƙubba a ƙofar Azhar, ya kama karantarwa da rubutu. Abincinsa daga alƙalaminsa yake fita. Ibnul Ƙifɗi ya kawo cewa duk shekara yakan kwafi littattafai uku da hannunsa: Uƙlidis, da Almajisɗi, da Mutawassiɗat, wato ƙananan littattafan da ɗalibi ke karantawa tsakanin waɗancan biyun. Idan ya gama a zo a ba shi dinari 150 na Masar, ba tayi ba albarka, shi ne guzurinsa na shekara. Har yau akwai kwafin littafin Abuluniyus da ya rubuta da hannunsa a shekarar 415, wato 1024, a ajiye a Istanbul.

Baihaƙi kuma ya kawo labarin wani basarake da ya zo karatu wurinsa. Ya yanka masa dinari ɗari duk wata, basaraken ya yi ta biya har shekara uku. Ranar sallama ya tattara kuɗin duka ya mayar masa, ashe gwada shi yake ya ga ko ilmin ya fi kuɗin daraja a wurinsa.

Mu da muka taso muna rubuta allo muna wankewa mun san abin da maimaita rubutu ke yi wa ƙwaƙwalwa. Ku ƙiyasta mutumin da duk shekara sai ya rubuta Uƙlidis daga farko har ƙarshe, yana zana kowace da'ira da kowace kusurwa. Dole ya san inda hujjar littafin take da ƙarfi, ya kuma san inda take ɗingishi.

Abin da ke cikin littafin da yake kwafa

Littafin Usul maƙala 13 ne, kowace mas'ala a cikinsa Larabawa suna ce mata shakali. Tsarinsa ba baƙo ba ne ga wanda ya karanta manɗiƙi a Sullam na Shehu Abdurrahman Al'ahdari, mutumin wajen Biskra a nan ƙasar Aljeriya, wanda littafinsa na fiƙihu kowane almajirin ƙasar Hausa ya sani da sunan Ahalari. Ana fara da muƙaddimomin da aka yarda da su, sannan a fitar da natija, kuma ba a yarda wani abu ya shigo ta taga ba. Uƙlidis ya fara da ta'arifi, sannan abubuwa biyar da ya roƙi mai karatu ya sallama masa, su ne musadarat, sannan wasu ƙa'idoji da hankali ba ya musunsu. Ɗaya daga cikinsu ita ce, idan abu biyu daidai suke aka cire musu abu daidai, abin da ya rage ma daidai yake. Kamar buhu biyu ne masu nauyi ɗaya, ka ɗebe mudun dabino ɗaya daga kowane, sikeli ba zai karkata ba.

Mas'alar da ta kayar da mu a aji ita ce shakali na 15 a maƙala ta farko. Ga yadda take. Layi biyu sun gitta, sun fitar da kusurwa huɗu. A kira ta sama Alif, ta dama Ba, ta ƙasa Jim, ta hagu Dal. Alif da Ba suna zaune ne a kan miƙaƙƙen layi ɗaya, don haka idan aka haɗa su sun kai tsayayyun kusurwoyi biyu. Tsayayyar kusurwa ita ce ƙa'ima, irin ta lungun ɗaki ko gefen bulo, mai daraja 90, biyunta kenan 180. Ba da Jim su ma suna zaune a kan ɗaya layin, haɗinsu 180. Kun ga Alif da Ba sun yi daidai da Ba da Jim. A cire Ba daga ɓangarorin biyu. Saura Alif a nan, Jim a can, kuma dole su zama daidai.

Ku lura ba a auna komai ba. Ba mu ce 47 ba, ba mu ce 48 ba. Ko almakashin ya buɗe sosai ko ya kusa rufewa, ko an zana a allo ko a yashi, hujjar tana nan. Awo yana ba da labarin zane ɗaya, kuma kaurin alli ma yana iya ruɗa shi. Burhani kuwa ya rufe maganar a kan kowane zane, har wanda ba a zana ba tukuna. Hausawa sun ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. To handasa ba ta karɓar kima. A fiƙihu ma mun karanta cewa mai da'awa shi ke kawo hujja, ba a ba shi hukunci don fuskarsa ta yi kama da ta mai gaskiya.

Kitabul Manazir

Babban littafin Ibnul Haisam shi ne Kitabul Manazir, a kan haske da gani, maƙala bakwai. Kafinsa Uƙlidis da Baɗlaimus sun tafi a kan cewa wani haske ne ke fita daga ido ya je ya taɓa abin da ake kallo. Shi kuwa ya tabbatar da cewa haske daga abin yake tasowa ya shigo ido. Cikin dalilansa akwai wanda kowa ya sani: wanda ya kalli rana idonsa yana ciwo, kuma wanda ya daɗe yana kallon abu mai haske in ya juya sai ya ci gaba da ganin tabonsa. Abin da ke cutar da ido daga waje ya zo.

Bai tsaya a magana ba, yakan yi gwaji, wanda yake kira i'itibari. Ya jera fitilu a wurare daban-daban a gaban wata ƙaramar kafa da ke shiga ɗaki mai duhu. A bangon ciki sai ga tabon haske adadin fitilun. In ya rufe fitila ɗaya, tabonta kaɗai ke ɓacewa. Fitilar dama tabonta a hagu yake faɗawa, ta hagu a dama, saboda hasken a miƙe yake tafiya, kuma layukan suna gittawa ne a bakin kafar. Almakashin nan ne dai na darasinmu, da kusurwar waje da ta ciki daidai.

Maƙala ta uku gaba ɗayanta a kan kurakuran gani take: yadda nisa, da ƙarancin haske, da ƙanƙantar abu, da gajeren lokaci ke sa ido ya ba da labarin ƙarya. Mu mazauna In Ekker ba sai an yi mana dogon bayani ba. Duk wanda ya bi kwaltar Tamanrasset da tsakar rana ya ga tafki shimfiɗe a gabansa, ya matsa ya tarar da busasshiyar hanya. Kawalwalniya kenan, hasken sama ne ya lanƙwashe a cikin iska mai zafi da ke kan kwalta. Lanƙwasar haske idan ya ratsa daga wani abu zuwa wani, kamar daga iska zuwa ruwa, ita ce maganar maƙala ta bakwai.

Kusurwa biyu a kan madubi

Maƙala ta huɗu zuwa ta shida a kan madubi suke, kuma nan ne maganar daidaiton kusurwa ta zama ginshiƙin aikinsa. Ƙa'idar ita ce haske yana barin madubi da kusurwa daidai da wadda ya faɗo da ita. Magabata sun san wannan, amma shi sai da ya ƙera kayan gwaji: farantin tagulla mai zane, da zoben katako mai kauri da aka huda wa ramuka a tazara sananniya, da madubai bakwai na gogaggen ƙarfe. Ɗaya shimfiɗaɗɗe ne, sauran shida masu ƙirar ƙwallo da ganga da mazurari, kowace ƙira da mai tudu da mai rami. Ya shigar da haske ta rami ɗaya ya ga inda ya fito, a kan kowane madubi, ya kuma fayyace cewa hasken da ya faɗo, da wanda ya koma, da layin da ke tsaye a kan madubin, duka a shafi ɗaya suke kwance.

Sai ya yi tambayar da ta ɗauki sunansa. Ga fitila a nan, ga ido a can, ga madubi. A wane ɗigo na madubin hasken zai daka ya koma ya shiga idon? A shimfiɗaɗɗen madubi abin da sauƙi, mu ma mun yi shi a aji. Ka ja layi tsaye daga fitila zuwa madubi, ka zarce da shi bayan madubin gwargwadon nisan da ke gaba, ka sa alama. Ka ja layi daga alamar zuwa ido. Inda ya huda madubin, nan ne ɗigon. Hujjar kuwa ga ta. An samu alwatika biyu, ɗaya gaban madubi ɗaya bayansa. Suna da gefe ɗaya na tarayya a jikin madubin, gefensu na tsaye tsawonsa ɗaya don haka muka auna shi, kusurwar da ke tsakanin gefen biyu kuma ƙa'ima ce a kowannensu. Shakali na 4 ya ce irin waɗannan alwatika biyu daidai suke ta kowace fuska, kenan kusurwoyinsu da ke kan ɗigon daidai suke. Ta bayan madubin kuma tana fuskantar kusurwar da ke wajen ido, layi biyu ne suka gitta, shakali na 15 ya ce daidai suke. Ta fitila ta yi daidai da ta baya, ta baya ta yi daidai da ta ido, magana ta ƙare.

Idan madubin mai ƙirar ƙwallo ne fa? Nan ne ake sanin manya. A madubi mai rami amsar tana iya kaiwa ɗigo huɗu, kuma magwajin layi da abin zana da'ira ba su isa su fitar da ita ba. Ibnul Haisam ya share fage da muƙaddimomi shida a maƙala ta biyar, ya ɗauko ɗaya daga siffofin Abuluniyus ya gitta ta da da'ira, ya fitar da ɗigon da hujjarsa. Bayan shekara fiye da 600 masana irin su Huygens na ƙasar Holan suna ta neman gajeriyar hanya ga wannan mas'ala, kuma har yau da sunan Alhazen ake kiranta.

Kusurwa ta huɗu

Bai ɗauki magabata ma'asumai ba. Ya rubuta littafi a kan shakkun da yake da su game da Baɗlaimus, ya rubuta wani na warware shakku a kan Uƙlidis, da wani na sharhin musadarat. Musadara ta biyar ita ta fi damun masana, wadda ke magana a kan layuka biyu masu tafiya jere ba su haɗuwa. Ta yi tsawo, ta fi kama da abin da ya kamata a kawo wa hujja. Ibnul Haisam ya zana siffa mai gefe huɗu wadda kusurwoyinta uku ƙa'ima ne, ya ɗaura niyyar tabbatar da cewa ta huɗun ma dole ƙa'ima ce, don in wannan ya tabbata musadarar ta tabbata.

A cikin hujjarsa ya ce a ɗauki layi tsaye a ja shi a kan wani layi, kansa na sama zai zana miƙaƙƙen layi. Kowa ya ji wannan zai ce ai haka ne. Umarul Hayyam, a littafin da ya gama a 1077, ya ƙi yarda, ya ce ba a shigo da motsi cikin handasa haka kawai. Masanan baya kuma suka gano cewa wannan jimla da ta yi kama da gaskiya ƙarara, ita kanta musadara ta biyar ce ta sake riga. Abin da ake nema a tabbatar shi ne aka jingina da shi. A ƙarni na 19, bayan aikin Lobachevsky na Rasha da Bolyai na Hangari, aka tabbatar cewa ba za a iya fitar da wannan musadara daga sauran ba, kuma akwai handasa tsayayya da kusurwa ta huɗun ke gaza ƙa'ima. A bayan ƙwallo kuwa wuce ƙa'ima take yi. Siffar tasa mai gefe huɗu ta zama ɗaya daga ƙofofin da aka bi aka kai can, shi ya sa wasu littattafan ke haɗa sunansa da na Lambert a kanta.

Alƙiblarmu

Cikin rubuce-rubucensa akwai maƙala a kan fitar da alƙibla da lissafi. Alƙibla ma ai kusurwa ce, tsakanin layin arewa da layin da ya nufi Makka. In Ekker tana wajen daraja 24 arewa da layin da ya raba duniya biyu, Makka kuwa wajen 21 da rabi. Wanda ya shimfiɗa taswira ya duba da ido zai ce mu fuskanci gabas mu karkata kudu. Lissafi a kan dunƙulalliyar ƙasa ya ce a'a, gabas ce da ɗan karkata arewa kamar daraja 2, domin hanya mafi kusa a bayan ƙwallo ba ita ce miƙaƙƙen layin takarda ba. Ashe iyayenmu da ke fuskantar gabas sak sun fi mai kallon taswira dacewa.

Rasuwarsa da abin da ya bari

Ya rasu a Alƙahira a shekarar 430 ko jim kaɗan bayanta, wato wajen 1040, yana da shekara saba'in da wani abu. Ibnu Abi Usaibi'a ya jero masa sunayen littattafai da maƙaloli fiye da 90. An juya Manazir zuwa Latin wajen 1200, Roger Bacon da Witelo suka gina a kansa, aka buga shi a Basel a 1572, Kepler ya ɗora daga nan a 1604. A gabas Kamaluddin Alfarisi ya yi masa sharhi mai suna Tanƙihul Manazir, ya kuma bayyana yadda bakan gizo ke fita daga ɗigon ruwa. Akwai rami a jikin wata da aka sa wa sunansa, kuma a 2015, shekarar da Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe wa haske, an yi bikin tunawa da littafinsa.

Kada kuma a ce lissafi ilmin wasu ne can. Shekara 700 bayan rasuwarsa, a wannan birni na Alƙahira, wani Bakatsine masanin lissafi, Shehu Muhammadu bin Muhammadu Alfulani Alkashinawi, ya rasu a 1741 a gidan Hasan Aljabarti masanin falaki da handasa, mahaifin marubucin tarihin nan Abdurrahman Aljabarti.

Abin da muka ɗauka

Abu na farko shi ne komawarsa daga Aswan. Ya faɗi magana a Basra a kan jita-jita, ya je ya duba, ya janye ta a gaban sarkin da ke iya kashe shi. Mun daɗe muna tattauna wannan a aji saboda dutsen da ke kusa da mu, Tawrirt Tan Afella. Tsakanin Nuwamba 1961 da Fabrairu 1966 Faransa ta yi gwajin makaman nukiliya 13 a ramukan da ta haƙa a cikinsa, bisa lissafin cewa dutsen zai riƙe. Ranar 1 ga Mayu 1962 bai riƙe ba, gajimaren guba ya fito ya bi ta kan sojoji da ma'aikata, har da ministoci biyu da suka zo kallo. Yau wanda ya hango dutsen zai ga dutse ne kamar kowane, na'urar awo kaɗai ke faɗin abin da ke wurin. Don haka muna tuna wa ƙannenmu da masu kiwo, a nisanci shingen da abin da ke bayansa, kuma kada a ɗauko ƙarfe ko waya daga can don ido ya ga suna da kyau.

Na biyu shi ne kusurwa ta huɗu. Mutumin da ya cika maƙala guda da kurakuran gani, shi ma wani abu ya zame masa don ya yi kama da abin da ba ya bukatar hujja. Wanda ya zo bayansa ya gyara masa, kamar yadda shi ya gyara wa Baɗlaimus, kuma darajarsa ba ta ragu ba. In haka ta faru da Ibnul Haisam, mu da ke cika takardar jarrabawa da kalmar a bayyane yake sai mu yi hattara. Yanzu a ajinmu duk wanda ya ce kusurwa biyu daidai suke, sai an tambaye shi da wane shakali.

Abin da muka dace a wannan rubutu daga Allah ne, sannan da ƙoƙarin malamanmu. Inda muka yi kuskure a gyara mana, amma a zo da hujja. Allah Ya jiƙan Alhasan Ibnul Haisam, Ya saka wa iyayenmu da malamanmu da alheri, Ya ba mu ilmi mai amfani, amin.

Daga ɗaliban babban aji.